TALABIJIN ƊIN INNO MAI KAI RAHOTO KANKIYA

Shafi na 27

Masu cika mini waya da "ina ci gaba" tun kafin in sha koko, ga shi nan, ku sarara mini. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto jiya cewa Abdulmannan kishin gidansu yake yi, karanta wannan ki dawo mu yi magana.

*

Takardu uku Abdulmannan ya zube a kan tabarmar zaure, ya danne su da makullin mota.

"Ɗauki ki karanta."

Ruqayya ba ta ɗauka ba. Tana durƙushe a bakin ƙofar shiga cikin gida, hannunta da sauran kumfar sabulu, don daga wanki aka kira ta. Ta dubi yayan nata, ta dubi Baffa Sada, ƙanen mahaifinsu, wanda ya baro gonarsa a Mawashi ya hawo babur da hantsin Alhamis ɗin nan. Sau biyu ta gaishe shi bai amsa ba.

"Yaya, minene wannan?"

"Ke za ki gaya muna. Ba malamar Islamiyya ba ce ke? Karanta da ƙarfi Baffa shi ji."

Ta goge hannu a zani ta jawo ta saman. Layuka ne na Turanci a jere, kowane layi da kwanan wata da lokaci. Litinin ƙarfe biyar. Laraba biyar da rabi. Ta bi da yatsa har idonta ya faɗa kan sunan wani asibitin mata mai zaman kansa a Katsina. Ƙasa da shi sunan wani wurin ɗaukar hoton sikanin. An zagaye su da jan biro. Sau goma sha ɗaya cikin mako biyu.

Ta ɗago ta dubi yayan nata.

"Ina ka samu wannan?"

"Au. Ba ki musa ba ke nan."

"Na ce ina ka samu?"

"A talabijin ɗin Inno anka buɗe su. Inno kau ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Ku biyu ne a gidan nan."

"Ƙarya ne. Ba abin da ya rage a talabijin ɗin nan. Na goge."

Maganar na fita ta kama bakinta. Ina! Magana zarar bunu ce.

Abdulmannan ya juya wajen Baffa yana wani murmushi mai ban haushi.

"Ka ji ko, Baffa? Ta goge."

Ga wanda ya shigo labarin nan a tsakiya: yau kwana tamanin da tara da rasuwar mahaifinsu, Malam Shehu na Kusada. Tun ranar mahaifiyarsu Inno take takaba, ko zauren nan ba ta taka ba. Abdulmannan shi ne babban ɗa, yana da shagon gyaran kwamfuta a Kankiya. Bayan sadakar bakwai ya kawo wa Inno talabijin irin mai shiga intanet, da ɗan akwatin da ke ba shi sabis, wai ta riƙa kallon ɗawafi da tafsiri ta rage kewa. Ranar da ya haɗa shi Ruqayya na tsaye a kansa. Ta ga ya shiga saiti ya rubuta wasu lambobi a wani gurbi. Ta tambaye shi, ya ce furoksi ne, zai tare finafinan banza da tallan tsiraici kada su faɗo wa Inno a ido. Inno ta yi ta sa masa albarka har da hawaye.

Rabin gaskiya ya faɗa musu. Yau Ruqayya za ta ji sauran rabin.

"Ki goge sau dubu," in ji shi. "Lambobin nan da na sa, adireshin kwamfutata ne ta shago. Duk shafin da talabijin ɗin nan za shi buɗe a Kusada, sai ya bi ta Kankiya tukuna. Kamar motar kaya ce da shingen hanya. Ta tsaya, a rubuta sunanta da lokaci, sannan ta wuce."

Ruqayya ta kalle shi. Sai ta ajiye takardar a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na haɗa."

"Wata uku ke nan kana zaune Kankiya kana leƙen ɗakin uwarka?"

"Ki iya bakinki. Tsaro ne, ba leƙe ba."

"Ka gaya mata?"

"Mi Inno ta sani a kan..."

"Ka gaya mata, Yaya? Ka ce, Inno, duk abin da kika kalla ina gani? Mace na takaba, maza ko tsakar gida ba su wucewa, kai ka shige mata har gado ta cikin waya!"

"Ba abin da ke ciki nike gani ba. Sunan shafi kawai nike gani."

"To da suna kawai ka ɗauko Baffa daga gona?"

Baffa Sada ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku dakata min. Ni ban san hurokisin nan ba, ban kuma son in sani. Tambaya guda gare ni. Ruqayya, ke kinka buɗe waɗannan wurare?"

"Ni na buɗe, Baffa."

"Don mi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nike."

Daga can cikin gida ana jiyo talabijin ɗin, liman na jan aya a Harami.

Abdulmannan ya gyara zama. Wallahi yadda ya gyara zaman nan kai ka ce alƙali ne, alhali ko sallamar kirki bai shiga ya yi wa uwarsa ba da ya iso.

"Bari in taimake ta, Baffa. Jiya na nemo lambar wurin sikanin ɗin na kira. Na ce ni yayanta ne, ina son in tabbatar da lokacinta. Yarinyar da ta ɗauka ta duba ta ce e, akwai Ruqayya Shehu. Yau Alhamis, ƙarfe biyu na rana."

Baffa ya yi salati ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ta zaɓi Alhamis don babu makaranta," Abdulmannan ya ci gaba. "Ba mai cewa ina malama. Budurwar da ya rage wata biyu a ɗaura mata aure da Kamilu, mi ya haɗa ta da asibitin mata? Mi ya haɗa ta da sikanin? Ni ba yaro ba ne, matata ta haihu biyu. Na san abin da ke kai mace wurin nan."

"Faɗe shi," in ji Ruqayya. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Kada ka yi ta kewaye. Faɗe shi da bakinka."

"Na wane ne?"

Ta miƙe tsaye.

"Baffa, a ɗauko Alƙur'anin Malam. In yi alwala in dafa. Ban da ciki, ban taɓa sanin ɗa namiji ba."

"Dafa Alƙur'ani ba wuya ga wanda idonshi ya buɗe."

"To tashi mu tahi yanzu a duba ni! Ga motarka nan. A duba ni gabanka!"

"A ga mi? Wa ya sani ko an riga an zubar, dubawa za ki a ga ko ya hita duka?"

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goya ta zuwa makarantar allo tana 'yar shekara huɗu. Shi ne yau ya kalli tsabar idonta ya faɗi wannan.

Ruqayya ba ta yi kuka ba. Haushi ya hana hawayen fita. Ta nuna shi da yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Abdulmannan."

"Ke!" Baffa ya daka mata tsawa. "Yayan naki?"

"Yayan da ya jefe ni da zina gabanka, Baffa? Ina shaidunshi huɗu? Takarda uku ce shaidun? Gidan malamai ne nan, ku kunka koya muna hukuncin ƙazafi!"

Baffa ya san gaskiya ta faɗa. Sai ya sassauta murya.

"Zauna, ɗiyata. Zauna. Ban ce kin yi ba. Amma ni ne waliyyinki yanzu, ni zan zauna gaban mutanen Yashe in ba da ke. Ba ni ba da aure a kan rufa-rufa. In ba abin da shi ka zato ba ne, faɗi minene. Kalma guda. In ciwo ne gare ki, mu nema maki magani. Faɗi, in tashi in mare shi gabanki."

Kalma guda. Tana nan a kan harshenta.

Amma hannun damanta bai manta sanyin bangon Alƙur'anin Malam ba. Ta riga ta dafa shi sau ɗaya, mako biyu da suka wuce, a ɗakin Inno.

Ranar Juma'a ce. Inno ta fito daga wanka ta kira ta, ta sa ta tura ƙofa. Ta kama hannun Ruqayya ta kai ƙarƙashin nononta na hagu. Wani abu ne a ciki, mai tauri, ya kai ƙwallon dabino, ba ya motsi. Kafin Ruqayya ta ce uffan Inno ta jawo Alƙur'anin daga kan akwati ta ɗora hannunta a kai. Ta ce rantse ba mai ji, ko yayanki, ko Baffanku, har sai na fita takaba. Ruqayya tana kuka ta rantse.

Daga nan ta shiga nema. Ba ta nema a wayarta ba, don waya yawo take hannu-hannu, shi kansa Abdulmannan in ya zo ɗauka yake ya yi ta latse-latse ba izini. Ga shi idon Inno ba ya ganin ƙananan hotuna. Sai ta ce bari ta buɗe a talabijin, su kalla tare, ta goge. Suka kalli wata likita tana bayani. Likitar ta ce mace ta tsaya gaban madubi ta duba kanta. Inno ta ce a'a, madubinta na kife a bango tun ranar da aka fita da Malam, mai takaba ba ta duba madubi. Ruqayya ta nemo asibiti, ta nemo wurin sikanin, ta kama layi da sunanta don kada sunan Inno ya shiga littafin kowa. Kullum tana lallashi. Ko da asubar yau sai da ta durƙusa mata. Inno ta ce saura kwana arba'in da ɗaya, ciwon ya jira.

An yi gudun gara, an tadda zago.

"Ruqayya," Baffa ya sake kira. "Ina jin ki."

"Ba ni iya faɗi, Baffa."

"Ba ki iyawa, ko ba ki so?"

"Ba ni iyawa."

Abdulmannan ya tafa hannu. "Shi ke nan. Baffa, mi ya rage?"

Baffa ya mayar da hularsa. Fuskarsa ta yi nauyi, ya ƙi kallonta.

"To ni kau ba ni..."

"Sada."

Duk suka juya.

Inno ce tsaye a ƙofar da ke bayan Ruqayya. Hijabin nan nata mai ruwan toka da ya koɗe, ƙafa ba takalmi, 'yar wuƙar da masu takaba ke riƙewa tana hannunta na dama. Kwana tamanin da tara ba wanda ya ji muryarta ta wuce bakin ɗakinta. Yau ga ta a zaure.

Baffa ya kawar da kai da sauri. "Subhanallahi, Yaya Halima, koma ciki. Maganar ba taki ba ce."

"Tawa ce. Tun daga ɗaki nike jin ku, har da liman na karatu ban fasa jin ku ba."

"Inno, don Allah," in ji Ruqayya. "Ki koma. Ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba."

"Na ji ba ki faɗa ba. Na ji abin da anka kira ki, kina tsaye kina haɗiyewa."

Ta tako cikin zauren. Taku ɗaya, biyu, har ta tsaya a kan Abdulmannan. Ya ɗago yana ƙoƙarin murmushi.

"Inno, ina kwana. Dama ban so ki ji ba sai mun..."

"Rufe min baki."

Ta mayar da wuƙar hannun hagu. Ta sa hannun dama cikin hijabi, ta kai ƙirjinta.

Nan take jinin fuskar Abdulmannan ya ɗauke. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in uwa ta fusata ta kai hannu nan. Ya zame daga tabarma ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Inno! Ki rufa min asiri! Kada ki ɗaga min nono, Inno, don darajar Malam!"

"Ba ni ɗaga maka. Ko na so, ciwo ba shi bari na ɗaga shi."

Ta matsar da hannun gefen hagu.

"Wannan na hagun," ta ce. "Shi ka fi so kana jinjiri. Wata ashirin da biyu kana shan shi, har da haƙora. Shi ne ya yi ƙullutu. Shi za a ɗauka hoto yau ƙarfe biyu. Ni ce Ruqayya Shehun da kake nema. Ni na sa ta dafa Alƙur'ani kada ta faɗa. Sai ka sake buga takarda ka zagaye sunana da jan biro."

Abdulmannan ya ɗago. Ya dubi takardun, ya dubi ƙanwarsa. Ita kuwa sai yanzu hawayen suka samu hanya.

"Ban sani ba," ya ce da ƙyar. "Inno, suna kawai nike gani, ban..."

"Suna kawai kake gani, ka yanke hukunci. Da kana ganin duka da ka kashe mu."

"Don in tsare gidan na yi."

"Ubanka shekara talatin da shida yana tsaron gidan nan. Bai taɓa shiga ɗakina bai yi sallama ba. Kai ka kawo min akwati ka ce Ka'aba zan gani, ashe ni ake gani. Ina ta sa maka albarka. Kafin la'asar abin nan shi bar min ɗaki."

Baffa Sada ya miƙe. Yanzu shi ne ransa ya ɓaci, kuma ba Abdulmannan kaɗai ya ɓata masa ba.

"Kai zan dawo kanka. Yaya Halima, mako nawa kina da wannan abu?"

"Biyu da na ji shi."

"Da kika ji shi! Kina zaune? Wane littafi ya ce mai takaba ta zauna ciwo shi cinye ta a ɗaki? Malam da bakinshi ya sha faɗi a zauren nan, lalura na hidda mai takaba, ta je asibiti ta dawo ta kwana ɗakinta. Wuƙar nan ma da kifa madubi, sau nawa ya ce ba su cikin addini?"

"Malam ya faɗa ma matan wasu. Ni matar Malam ce. Idon Kusada duk yana kaina. In hita a ce ko wata huɗu ta kasa yi mashi?"

"A ce! Su wa za su ce? Su za su kwanta maki ciwon?"

"Ba shi ne ba, Baffa," in ji Ruqayya tana share fuska. "Tsoro take ji. Inno, ki faɗi gaskiya tunda yau ranar faɗi ce."

Inno ta dubi ƙasa. Da ta yi magana muryar ta koma irin ta ɗaki.

"Yayata da ƙafarta ta shiga asibiti. Anka yanke mata. A bayan mota anka maido ta, naɗe cikin tabarma."

"Shekara guda ta yi tana shafa magani a gida kafin ta je, Inno. Likitar nan ta faɗa, kin ji da kunnenki. Wanda ya je da wuri shi ake samu. Kuma ba kowane ƙullutu ne mugun ba, sai an duba ake sani."

Inno ta kawar da kai daga Ruqayya. Ta juya kan ɗanta, wanda har yanzu ke durƙushe kamar an dasa shi.

"Bayan Baffanka, wa ka faɗa ma?"

Ya kawar da kai.

"Abdulmannan."

"Inno..."

"Wa ka faɗa ma?"

"Da zan taho na biya ta Yashe."

Ruqayya ta dafa bango.

"Ka biya ta ina?" in ji Baffa.

"Na ga gara su ji daga bakinmu, kada su ji a waje su ce mun rufe su. Na samu mahaifin Kamilu a ƙofar gida. Na... na bar mashi kwafi guda."

Kun ji fa. Bai tambayi ƙanwarsa ba. Bai tambayi uwarsa ba. Bai jira Baffan da ya kira ba. Tun kafin a zauna shari'ar ya kai hukuncin gidan surukai, har da kwafi, don shi mai injin buga takarda ne. In wannan ne kishin gida, Allah ya raba mu da shi.

Baffa ya nufi Abdulmannan. Ya taka ya ɗauke shi da mari, tas, har hular Abdulmannan ta faɗa kan takardun.

"Na yi mata alkawari," in ji Baffa. "Mi mahaifin yaron ya ce?"

"Ya ce... za su yi shawara. A kan kayan sa rana."

Inno ta juya.

"Ruqayya, ɗauko min takalmina."

"Inno?"

"Takalmina. Suna ƙarƙashin gado. Yashe za ni. Da bakina zan gaya masu."

Ruqayya ta shiga da gudu ta fito da takalman, duk sun yi ƙura. Ta durƙusa ta sa mata. Amma da Inno ta nufi ƙofar waje sai ta riga ta, ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannu biyu.

"Matsa."

"Ba ni matsawa."

"Ruqayya, sunanki ke yawo a Yashe yanzu haka."

"Shi yi ta yawo. Mako biyu ina roƙon ki ki taka ƙofar nan don ranki, kin ƙi. Yanzu don mutanen Yashe za ki taka? Wallahi ba ki wuce ni. Sha ɗaya ta wuce. In munka tahi Yashe layin nan ya wuce mu, kuma na san ki, kin dawo ɗaki kin zauna ke nan sai bayan kwana arba'in da ɗaya. In za ki hita, Katsina za mu."

"Aurenki fa?"

"In Kamilu takarda ta ishe shi, su zo su kwashe kayansu. Ni dai ba ni zama marainiya sau biyu a shekara guda."

Inno ta tsaya tana kallon ta. Haushi ne, tsoro ne, ita kanta ba za ta iya rabewa ba.

"Taurin kan ubanki kinka ɗauko."

"Naki ne, Inno."

Baffa ya sa baki. "Yarinyar nan ta hi mu gaskiya duka. Ku tahi Katsina. Ni zan hau babur in je Yashe. Amma Yaya Halima, sai kin ba ni izini. In na je sai na faɗi minene, in ba haka ba ba su yarda. In kau na faɗa, kafin magariba ƙasar nan duk ta ji."

Abin da Inno ta sa aka dafa Alƙur'ani a kansa ke nan. Ta runtse ido.

"Faɗa masu. Ka ce nonon uwarta ne."

Ta dubi Abdulmannan. "Kai kuma tashi ka tada mota. Direba kake yau. Kada in ji bakinka har mu je mu dawo."

Ya rarumi makullin. Ruqayya ta sauke hannuwanta, ta kama na Inno, ta tura ƙyauren, Abdulmannan ya raɓa ya fice ya buɗe ƙofar mota.

Hasken rana ya bugi idon Inno, ta kare da gefen hijabi. Ta yi bisimilla. Ta ɗaga ƙafar dama ta sauke ta a waje, karo na farko cikin kwana tamanin da tara.

Daidai nan wata mota ta ci burki a bayan ta Abdulmannan.

Mata uku suka fito. Biyu na riƙe da buhunan da ba kome a ciki. Ta gaban Ruqayya ta san ta sarai, Gwaggo Hawwa ce, yayar mahaifin Kamilu, ita ta jagoranci kawo kayan sa rana watannin baya tana rangaɗa guɗa. Yau ba guɗa. Takarda ce a hannunta, an zagaye wasu layuka da jan biro.

Maƙwabta sun fara leƙowa. Masu awo a shagon tsallaken hanya sun bar awon.

Gwaggo Hawwa ba ta yi sallama ba. Ta dubi Ruqayya sama da ƙasa. Ta dubi motar da ƙofarta ke buɗe. Sannan ta sauke ido kan takalman da ke ƙafar Inno, ta riƙe haɓa, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"La ilaha illallahu! Ku zo ku gani! Ashe har uwar ta karya takaba za ta raka ta a zubar!"

Baffa ya yunƙuro. Abdulmannan ya ce, "Gwaggo, ki tsaya, kuskure ne, ni ne..."

"Na ce kada in ji bakinka," in ji Inno.

Ta saki hannun Ruqayya. Ta miƙa mata 'yar wuƙar takaba.

"Riƙe min."

"Inno, mi za ki yi? Inno, mutane na kallo!"

Inno ta taka har gaban Gwaggo Hawwa, ta damƙi wuyan hannunta, wanda ke riƙe da takardar, ta ja shi zuwa ƙarƙashin hijabinta.

"Kin zo ganin ciki, Hawwa. To taɓa."